Tattakin Mutuwa na Bataan: Waɗanda Aka Ƙirga da Waɗanda Ba a Ƙirga Ba

A garin Mariveles, can ƙarshen kudancin Bataan a ƙasar Filifin, akwai wata alama da aka kafa a bakin hanya aka rubuta mata kilomita 0. In mutum ya kama titin ya yi arewa zai riƙa cin karo da irinta, fararen turaku masu ɗauke da lamba da zanen sojoji a galabaice, har ya isa San Fernando ta lardin Pampanga, tafiyar da ta haura kilomita 100. Nisan ya ɗara na Kaduna zuwa Zariya. A watan Afrilun 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Japan suka kora dubun-dubatar fursunonin yaƙi 'yan Filifin da Amurkawa a ƙafa kan wannan hanya, kuma dubbai daga cikinsu ba su ga ƙarshenta ba. Wannan shi ne abin da ake kira tattakin mutuwa na Bataan.

Masu ba da labarin sukan tsaya kan muguntar masu gadi, wato suka da banati da sara da takobi da duka da gindin bindiga. Muguntar ta faru, kuma za mu zo kanta. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai duk lokacin da na koma kan labarin shi ne lissafi. Shugabannin fursunonin sun yi kuskuren ƙirga bakunan da za a ciyar tun kafin a kama su. Waɗanda suka kama su sun yi kuskuren ƙirga mutanen da za a kwashe. Bayan an gama, an ƙirga gawarwakin wasu kusan ɗaya bayan ɗaya, na wasu kuwa har yau sai kintace.

A lokacin Filifin tana hannun Amurka, wadda ta karɓe ta daga Sifaniya a 1898, an kuma tsayar da 1946 a matsayin shekarar 'yancin kai. Sa'o'i kaɗan bayan harin da Japan ta kai wa jiragen ruwan yaƙin Amurka a Pearl Harbor, ranar 8 ga Disambar 1941 a agogon Manila, babban birnin Filifin, jiragen Japan suka tarar da jiragen yaƙin Amurka a ƙasa a filin Clark suka ragargaza su. Ranar 22 ga watan babbar rundunar Japan ta 14, ƙarƙashin Laftanar Janar Masaharu Homma, ta sauka a gaɓar Lingayen ta doshi Manila.

Amurka tana da wani tsohon shiri na irin wannan rana. Bataan ziri ne na ƙasa mai duwatsu da surƙuƙin daji wanda ya kutsa cikin teku ya tsare bakin gaɓar Manila. Shirin ya ce a janye sojoji zuwa can, a tara abincin da zai ishi mutum 43,000 kwana 180, a riƙe wurin har jiragen ruwan yaƙi su kawo ɗauki. Janar Douglas MacArthur, babban kwamandan Amurka a Filifin, bai so shirin ba. Ya ga gara a tari abokan gaba tun a bakin teku, don haka aka rarraba kayan abinci da harsasai zuwa rumbunan da ke kusa da gaɓa. Da tarar ta ci tura cikin kwana biyu kacal, sai ya koma kan tsohon shirin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mutane sun iya ja da baya, kaya ba su iya ba. An bar tarin shinkafa a Cabanatuan da sauran wurare. Waɗanda suka shiga Bataan kuwa sojoji ne kusan 80,000, ga fararen hula kimanin 26,000 da suka biyo su gudun hijira.

Tun makon farko na Janairun 1942 aka raba rabon abinci biyu, daga baya aka ƙara ragewa. Aka cinye ɓaunan da manoma ke noma da su, aka cinye dawakan rundunar mahaya da alfadarai, aka koma kan birai da macizai da ƙadangaru. Maganin kwinin ya ƙare, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da dubbai, atuni ya shiga, ga ciwon kumburin ƙafa da rashin abinci mai gina jiki ke kawowa. Ɗaukin da ake jira kuwa ba ya tafe. An nutsar da manyan jiragen ruwan da za su kawo shi, kuma gwamnatin Amurka ta riga ta yanke shawarar cewa Jamus za a fara gamawa da ita. Gaba kura, baya sayaki: ga Japanawa ta arewa, ga teku ta sauran ɓangarori uku. Ranar 11 ga Maris MacArthur ya fice daga tsibirin Corregidor da ke bakin gaɓar Manila bisa umarnin Shugaban Amurka Roosevelt, ya nufi Ostareliya inda ya yi alkawarin nan nasa na cewa zai dawo.

Duk da haka sun riƙe wurin wata uku. Mafi yawansu 'yan Filifin ne, samari da aka kira aikin soja watanni kaɗan kafin yaƙi, wasu ko harshen hafsansu ba sa ji. Japan ta ba Homma kwana 50 ya gama da tsibirin Luzon, inda Manila da Bataan suke, sai ga shi a Afrilu bai gama ba, manyansa a Tokyo suna ganin gazawarsa. Ranar 3 ga Afrilu ya ƙaddamar da farmaki na ƙarshe da sababbin sojoji da igogi da jiragen sama. Ranar 9 ga wata Manjo Janar Edward King, wanda ke riƙe da Bataan, ya miƙa wuya ba tare da izinin na sama da shi ba, domin ya ga ci gaba da faɗa yanka ne kawai za a yi wa marasa lafiya. Ba a taɓa samun rundunar da Amurka ke jagoranta mai yawan wannan ta miƙa wuya lokaci guda ba.

King ya san halin da mutanensa ke ciki. Ya ajiye motoci da mai, ya roƙi a bar shi ya kwashe su da kansa zuwa duk inda Japanawa suka zaɓa. Kanar Motoo Nakayama, wanda ya wakilci Homma, bai saurari wannan ba. Shi abin da yake so shi ne a miƙa dukkan rundunar da ke Filifin, har da Corregidor, abin da ba ya hannun King. Da King ya nemi tabbacin za a kula da mutanensa, amsar da ya samu ita ce Japanawa ba mutanen daji ba ne.

A nan lissafi na biyu ya shigo. Hafsoshin Homma sun tsara yadda za a kwashe fursunoni tun kafin Bataan ta faɗi, aka ɗora aikin a kan Manjo Janar Yoshitake Kawane. Sun ɗauka fursunonin ba za su wuce 25,000 ba, sun ɗauka faɗan zai kai ƙarshen Afrilu, sun kuma ɗauka mutanen da suka hana su sakat wata uku lafiyayyu ne masu guzuri a jaka. Bisa wannan zato aka ce kowa ya taka da ƙafarsa zuwa garin Balanga, tafiyar da sojan Japan mai lafiya kan yi a yini guda, ba a kuma tanadi abinci don wannan zango ba. Daga Balanga ne aka shirya samar da abinci da asibitin tafi-da-gidanka da motoci. Sai ga mutum kusan 75,000 zuwa 78,000 sun fito daga daji, wajen 12,000 Amurkawa, sauran 'yan Filifin, da yawa ƙashi da fata, makonni uku kafin lokacin da aka zata.

Duk kwamandan da ya ga haka ya san shirinsa ya rushe. Abin da ya kamata shi ne a dakata, a ciyar da su a inda suke, a ware marasa lafiya, a karɓi motocin King. Ba a yi ba, saboda Homma yana gaggawa. Corregidor tana nan a bakin gaɓa ba ta faɗi ba, kuma daga kudancin Bataan ne za a girke igogin da za su yi mata luguden wuta. Fursunonin sun zama cikas a filin da ake buƙata da hanyar da ake buƙata. Hanya ɗaya ce tilo a gabashin zirin, ƙunƙuntacciya, motocin Japan da igogi suna kwararowa kudu, fursunoni ana kora su arewa a gefenta cikin ƙura.

Aka fara tashi daga Mariveles ranar 10 ga Afrilu, daga garin Bagac na yammacin Bataan kuma washegari. An kasa su ƙungiya-ƙungiya, kowace da 'yan masu gadi da ake sauyawa a hanya, su fursunonin kuwa babu mai sauya su. Kafin a tashi akan caje kowa, a ƙwace agogo da zobe da bargo, wani lokaci har da gorar ruwa. Wanda aka samu da kuɗin Japan ko wani abu ƙirar Japan, akan ɗauka daga jikin gawar sojansu ya ciro, a kashe shi nan take. Afrilu kuwa a Filifin tsakiyar bazara ce. Duk wanda ya taɓa yin tafiyar ƙasa da rana tsaka a watan Afrilu a ƙasarmu ya san abin da ƙishirwa ke yi wa mai lafiya, balle wanda ya yi wata uku yana cin rabin ciki, zazzaɓi na kaɗa shi, gudawa na tsiyaye ɗan ruwan da ya rage a jikinsa.

Abin da waɗanda suka tsira suka fi ambata shi ne ruwa. A gefen hanyar akwai rijiyoyin da ruwa ke ɓulɓulowa da kansa, mai sanyi, ana gani ana jin ƙararsa. Sau da yawa ba a bari a sha. Wanda ƙishirwa ta fi ƙarfinsa ya fita daga layi ya ruga, sai harsashi ko banati. Inda aka bari a sha kuwa, sau tari kududdufin da ɓauna ke birgima ne, wani da gawa a ciki, wanda ya sha ya ƙara wa kansa atuni. Akwai kuma azabar zaman rana: a zaunar da mutane a fili sa'o'i babu hula, babu inuwa. Da dare a cusa su cikin shingen waya ko rumbun ajiya, kamar wanda aka yi amfani da shi a Lubao, babu wurin miƙe ƙafa, babu makewayi, ƙungiyar da ta kwana jiya ta bar ƙazantarta da gawarwakinta. Wasu sun yi kwanaki ba su ga ƙwayar shinkafa ba, in an bayar kuwa dunƙule ɗaya ne.

Faɗuwa ita ce mutuwa. A bayan kowace ƙungiya akwai masu bi suna ƙarasa duk wanda ya kasa tashi. Abokai sukan riƙe ɗan'uwansu ta kafaɗa biyu su ja shi, har su ma ƙarfinsu ya ƙare. An take wasu da mota. An tilasta wa wasu fursunoni su haƙa rami su binne 'yan'uwansu da sauran numfashi. Tafiyar takan ɗauki ƙungiya kwana biyar zuwa goma, gwargwadon inda ta taso da irin masu gadin da Allah ya haɗa ta da su.

Mutanen ƙauyukan da ke bakin hanya sun yi abin da ya kamata a riƙa tunawa da su a kansa. Mata da yara sukan tsaya su jefo rake da shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba da gwangwanin ruwa, suna sane da cewa ana duka, wani lokaci ana kashewa, a kan haka. Wasu sun janye ɗan layi cikin taro sun sauya masa tufafi, mace ta tsaya kusa da shi kamar mijinta ne. Da haka dubban 'yan Filifin suka sulale, tun da fatarsu da harshensu ba sa tona su. Ba'amurke ba shi da wannan damar sai ƙalilan.

A San Fernando aka zuba su cikin taragun jirgin ƙasa na ɗaukar kaya, ƙanana, waɗanda mutum 40 ya cika su. Aka riƙa cusa 100 ko fiye a kowane, a rufe ƙofa, ƙarfe ya ɗauki zafin rana. Tafiyar sa'o'i ce zuwa Capas ta lardin Tarlac. Wanda ya mutu a ciki yakan mutu a tsaye, don babu wurin faɗuwa, sai an buɗe ƙofa a gane. Daga Capas aka sake taka 'yan kilomitoci zuwa sansanin O'Donnell.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta muguntar kanta. Kuskuren lissafi ya bayyana yunwa da rashin mota, amma bai bayyana dalilin soke mutum don ya sunkuya shan ruwa ba. Amsar da aka fi bayarwa ita ce al'adar Japanawa ce, suna ganin miƙa wuya abin kunya ne. Ban yarda a bar maganar a haka ba, domin tarihin Japan ɗin kansa ya ƙaryata ta. A yaƙinta da Rasha na 1904 zuwa 1905 Japan ta riƙe fursunoni sama da 70,000, kuma duniya ta yaba da yadda ta kula da su. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawan da ta kama a Tsingtao ta ƙasar Sin sun zauna a sansanin Bando na Japan suna gasa burodi, suna buga jarida, suna kiɗe-kiɗe, har wasu suka zaɓi zama a ƙasar bayan an sallame su. Tsakanin wancan zamani da Bataan shekara 25 ce kawai. Abin da ya canja tarbiyyar soja ce, kuma mutane ne suka zauna suka canja ta.

Daga shekarun 1930 sojoji suka mamaye siyasar Japan. A bariki, mari da duka suka zama hanyar horo: hafsa ya mari saje, saje ya mari kofur, kofur ya mari kurtu, kurtu kuwa ba shi da na ƙasa da shi sai ranar da aka damƙa masa fursuna. Yaƙin da aka shiga da Sin gadan-gadan a 1937 ya saba wa rundunar da kashe waɗanda aka kama, kisan gillar da aka yi a birnin Nanjing shaida ne, kuma ba a hukunta kowa a gida ba. A Janairun 1941 Hideki Tojo, yana ministan yaƙi, ya fitar da ƙa'idar filin daga wadda ta hori soja kada ya rayu ya ɗanɗani kunyar zama fursuna. Saurayin da aka cusa wa cewa shi kansa ba shi da izinin miƙa wuya, da wane ido zai kalli wanda ya ɗaga hannu? Ƙara da haushin 'yan'uwansa da suka mutu a wata ukun nan, da farfagandar ƙabilanci da kowane ɓangare ke yi wa ɗaya a wancan yaƙi.

Duk da haka akwai zaɓi, kuma an ga masu zaɓa. Wasu fursunonin an ɗauke su a mota har San Fernando ba wanda ya taɓa su. Wasu masu gadi sun bar mutane sun sha ruwa, sun ba su sigari. Akwai Laftanar Kanar Masanobu Tsuji, hafsan da ya zo daga Singafo, wanda ya riƙa yaɗa umarnin baka da sunan hedikwata cewa a kashe fursunoni. Kanar Takeo Imai ya karɓi irin wannan umarni ta waya, ya ce sai an kawo masa a rubuce, kafin nan kuma ya saki fursunonin da ke hannunsa su kama hanya. Wasu ba su yi tambaya ba. A bakin kogin Pantingan, ranar 12 ga Afrilu, aka ware hafsoshi da manyan sojoji 'yan Filifin kimanin 400 na runduna ta 91, aka ɗaure su da wayar tarho, aka kashe su da takobi da banati. Tun da Imai ya iya cewa a'a, waɗanda suka ce to ba su da mafaka a bayan kalmar al'ada.

Ta fuskar doka ma babu duhu. Japan ta sa hannu a Yarjejeniyar Geneva ta 1929 kan fursunonin yaƙi amma ba ta tabbatar da ita ba. Sai dai a farkon 1942 ministan harkokin wajenta, Shigenori Togo, ya sanar cewa za ta yi aiki da ita gwargwadon hali, kuma tun kafin nan tana cikin Yarjejeniyar Hague ta 1907 wadda ta wajabta riƙe fursuna da mutunci. Sashe na 7 na yarjejeniyar 1929 ya faɗa ƙarara cewa in za a kwashe fursunoni a ƙafa, kada zangon yini ya wuce kilomita 20, sai in neman isa ga ruwa da abinci ne ya tilasta. Wannan ma ba sabon abu ba ne ga ɗan Adam. Musulmi yana karanta aya ta 8 ta Suratul Insan, inda aka jera kamamme tare da miskini da maraya cikin waɗanda bayin Allah na gari ke ciyarwa alhali su ma suna son abincin.

Isa O'Donnell bai zama tsira ba. Sansanin horar da sojoji ne da ba a gama ginawa ba, aka tura masa mutum kusan 54,000. Kwamandan wurin, Kyaftin Yoshio Tsuneyoshi, yakan tarbi kowace ƙungiya da jawabin cewa su ba fursunonin yaƙi ba ne, kamammu ne, kuma abokan gaba har abada. Famfunan ruwa 'yan ƙalilan ne, mutum yakan yini a layi don cika gora ɗaya. A lokacin da abin ya yi tsanani ana binne ɗaruruwa a rana. Cikin 'yan watanni Amurkawa kusan 1,500 suka mutu a can, 'yan Filifin kuwa sama da 20,000. Sansanin ya ci rayuka fiye da hanyar. A watan Yuni aka mai da yawancin Amurkawa sansanin Cabanatuan, aka kuma fara sallamar 'yan Filifin bisa sharaɗin ba za su sake ɗaukar makami ba. Da yawa suna warkewa suka shiga daji suka zama 'yan sari-ka-noƙe.

Amurkawan da suka rage tsugune ba ta ƙare musu ba. An riƙa loda su a cikin jiragen ruwan dakon kaya zuwa ma'adinai da masana'antun Japan da Manchuria, jiragen ba su da wata alamar da ke nuna fursunoni ne a ciki, don haka 'yan'uwansu suka riƙa nutsar da su ba da sani ba. Arisan Maru ya nutse ranar 24 ga Oktoban 1944 da fursunoni kusan 1,800, tara kaɗai suka rayu. Kotun laifukan yaƙi da aka kafa a Tokyo bayan yaƙin ta ƙiyasta cewa kashi 27 cikin 100 na fursunonin ƙasashen Yamma da ke hannun Japan sun mutu, alhali na hannun Jamus da Italiya kashi 4 ne. Kada dai wannan kashi 4 ya ruɗi mai karatu: Jamus ɗin nan ta kama sojojin Tarayyar Sobiyet kusan miliyan 5.7, sama da miliyan 3 suka mutu a hannunta. Ƙasa ɗaya, yaƙi ɗaya, amma wanda ta ɗauka mutum ne ya rayu, wanda ta raina ya mutu.

Jama'ar Amurka ba su ji labarin Bataan ba sai a ƙarshen Janairun 1944, bayan wani hafsan Amurka, William Dyess, da wasu abokansa sun tsere daga sansanin Davao a Afrilun 1943 sun ba da shaida, gwamnati kuma ta riƙe labarin watanni kafin ta sake shi. Bayan yaƙi aka gurfanar da Homma a gaban kotun soja a Manila a Janairun 1946. Mutum ne da ya zauna a Ingila, yana jin Turanci, kuma takwarorinsa na ganin yana da sassauci, har an janye shi daga Filifin tun 1942. Ya ce hankalinsa na kan Corregidor, bai san yawan mace-macen ba sai daga baya. Kotu ta ce kwamanda yana ɗaukar alhakin abin da ya kamata ya sani ya kuma hana. Hedikwatarsa ba ta da nisa da hanyar da gawarwaki ke zube. Aka harbe shi ranar 3 ga Afrilun 1946. Biyu daga alƙalan Kotun Ƙolin Amurka, Frank Murphy da Wiley Rutledge, sun soki yadda aka yi shari'ar, tun da MacArthur, wanda Homma ya kora daga Filifin, shi ne ya kafa kotun kuma shi ya tabbatar da hukuncin. A ganina sukar tana da tushe, kuma laifin Homma ma yana da tushe, ɗaya bai goge ɗaya ba. Kawane an rataye shi a 1949. Tsuji kuwa ya ɓuya har ƙura ta lafa, ya fito ya ci zaɓen majalisar dokokin Japan a 1952, ya ɓace a Laos a 1961 ba tare da ya taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Irin abin da aka gani a Bataan da wasu wurare ne ya sa Yarjejeniyar Geneva ta Uku ta 1949 ta fito fili a sashe na 20 cewa wajibi ne a ba fursunan da ake kwashewa ruwan sha da abinci da tufafi da magani, a kuma rubuta sunayensu.

Rubuta sunayen nan shi ya dawo da mu kan lissafi na uku. Amurkawan da suka mutu a kan hanya masana sun sa su tsakanin 500 da 650. 'Yan Filifin kuwa tsakanin 5,000 da 18,000. A dubi tazarar: ta farko mutum 150, ta biyu mutum 13,000. Akwai dalilai na zahiri, takardun runduna sun ƙone, wasu sun tsere an ɗauka sun mutu. Amma ko da mafi ƙarancin adadin aka ɗauka, a duk mutum goma da suka faɗi a hanyar nan kusan tara 'yan Filifin ne, alhali in aka ce Bataan hoton da ke zuwa wa yawancin mutane shi ne na Bature ramamme.

Rainin bai tsaya a hoto ba. Ranar 26 ga Yulin 1941 Roosevelt ya ba da umarnin shigar da sojojin Filifin ƙarƙashin rundunar Amurka, suka yi yaƙi ƙarƙashin tutarta bisa fahimtar cewa za su samu haƙƙin tsofaffin sojoji kamar kowa. A Fabrairun 1946, watanni kaɗan kafin 'yancin kai, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta ce aikin da akasarinsu suka yi ba za a lissafa shi a matsayin aikin sojan Amurka ba wajen biyan haƙƙoƙi. Shugaba Truman ya sa hannu yana cewa nauyin da ke kan ƙasarsa bai sauka ba. Mu a yammacin Afirka wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Birtaniya sun fafata da wannan sojan Japan ɗin a dazukan Burma a kan albashin da bai kai na Bature ba. A Thiaroye kusa da Dakar kuma, ranar 1 ga Disambar 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan 'yan Afirkan da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus, don sun nemi a biya su kuɗinsu. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi na cewa sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma sai a 2024 shugabanta ya amsa cewa kisan kiyashi ne.

Jakadan Japan a Amurka, Ichiro Fujisaki, ya je taron tsofaffin fursunonin a San Antonio a watan Mayun 2009 ya nemi gafara a madadin gwamnatinsa. Wasu suka tashi suka tafa, wasu suka ƙi. A wannan shekarar ce Amurka ta amince ta biya tsofaffin sojojin Filifin kuɗi sau ɗaya tak: dala 15,000 ga wanda ya zama ɗan Amurka, dala 9,000 ga wanda bai zama ba. An yi shekara 63 tsakanin dokar da ta soke haƙƙinsu da wannan biya. Daga cikin mutum kusan 250,000 da suka amsa kira, waɗanda aka biya ba su kai 20,000 ba.

A Filifin 9 ga Afrilu ranar hutu ce ta tunawa da jarumta, ana taruwa a kan dutsen Samat inda aka yi gumurzun ƙarshe. A Capas, inda sansanin O'Donnell yake a da, an gina doguwar hasumiya an kewaye ta da baƙin bango, an sassaƙa sunayen dubban 'yan Filifin da aka iya ganowa. A gefe guda an ajiye ɗaya daga cikin taragun nan, mai ziyara yana iya tsayawa a bakin ƙofarsa ya auna da idonsa inda aka cusa mutum 100.